Ina aka rubuta sunayen 'yan mazan jiyan Birnin Kudu da Gwaram?

Duk ranar 15 ga Janairu, tsarin bikin ba ya canzawa. A Abuja shugaban ƙasa zai ajiye furanni a gaban mutum-mutumin sojan da ba a san sunansa ba, a harba bindiga, a saki fararen tattabaru. A Dutse gwamnan Jigawa zai yi irin haka tare da manyan jami'an tsaro da tsofaffin sojoji, bayan an yi addu'o'i a masallacin Juma'a da majami'a a kwanakin da suka gabata. Kafin azahar an watse, sai kuma baɗi.

Abin da ba a saba ji ba a wannan Rana ta Tunawa da 'Yan Mazan Jiya shi ne sunaye. Ana cewa "jarumanmu da suka kwanta dama", amma ba a cewa wane ɗan wane, daga gari kaza. Mutumin Birnin Kudu ko Gwaram da ya rasa ɗa ko miji ko wa a Malam Fatori ko dajin Sambisa zai saurari bikin a rediyo har ya ƙare bai ji an ambaci nasa ba. Idan kuma wani ya tashi yau yana son sanin mutum nawa waɗannan ƙananan hukumomi biyu suka rasa a yaƙe-yaƙen Najeriya, tun daga zamanin Turawa zuwa yau, sai ya bi gida-gida yana tambayar tsofaffi.

Allon da ke bangon majami'a

A Ingila wannan tambaya tana da sauƙin amsa. Duk wanda ya shiga tsohuwar majami'ar wani ƙauye zai tarar da allon tagulla ko na dutse a jikin bango, ko kuma gicciyen dutse a harabarta, an jera sunayen 'yan ƙauyen da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918. A ƙasa kuma an ƙara na Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945. Abin ya game ƙasar, har ta kai ƙauyukan da duk samarinsu suka dawo da rai daga yaƙin farko, waɗanda ba su wuce 50 da 'yan kai ba a Ingila da Wales, sun samu laƙabi na musamman, ana kiran su ƙauyuka masu godiya.

Waɗannan alluna sun samo asali ne daga wata larura. Birtaniya ta rasa sojoji sama da 700,000 a yaƙin farko, kuma gwamnati ta yanke cewa ba za a dawo da gawarwaki gida ba, za a binne kowa a inda ya faɗi. Iyaye da matan aure suka rasa kabarin da za su ziyarta. Sai mutanen kowane gari suka kafa kwamiti, suka yi karo-karo, suka tattara sunaye daga gidajen mamatan, suka sa aka sassaƙa. Yawancin allunan ba aikin gwamnati ba ne, aikin maƙwabta ne. Majami'a kuwa an zaɓe ta ne saboda ita ce mahaɗar ƙauye, inda ake raɗa suna da ɗaura aure da jana'iza.

Wannan shi ne darasin da ya shafi kudancin Jigawa: mutanen gari ne suka riƙe sunayen 'ya'yansu, ba su jira ma'aikatar yaƙi ba.

Yadda sunan gari ya ɓace

Ƙasar Hausa ta ba da nata kason a waɗannan yaƙe-yaƙe biyu. A na farko, sojojin Najeriya sun yaƙi Jamusawa a Kamaru da gabashin Afirka. A na biyu an kai su Habasha da Somaliya, daga baya aka tura Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma zuwa ƙasar Boma, wadda ake kira Myanmar a yau, don yaƙar Japan. Masana tarihi na ƙiyasta cewa 'yan Afirka ta Yamma kimanin 90,000 ne suka je can, fiye da rabinsu 'yan Najeriya. Runduna ta 81 ta yi gumurzu a kwarin Kaladan a 1944, ta 82 kuma a yankin Arakan, inda aka ƙwace garin Myohaung a Janairun 1945. Bataliya uku ta sojojin Najeriya sun shiga cikin dakarun Chindit na Janar Orde Wingate, waɗanda aka sauke a bayan sahun abokan gaba. Hausa ce harshen bariki a lokacin, har hafsoshin Turawa ma sai sun koye ta. Da aka gama yaƙi, Malam Sa'adu Zungur na Bauchi ya yi wa masu dawowa waƙarsa ta Maraba da Soja.

A wancan zamani Birnin Kudu da Gwaram gundumomi ne a ƙarƙashin En'e ta Kano, domin sai a ranar 27 ga Agustan 1991 aka ƙirƙiri jihar Jigawa. Turawa kan nemi kurata ta hannun sarakuna, sarakuna su sauke wa hakimai, hakimai su sauke wa dagatai. Idan saurayi ya isa bariki, magatakarda kan rubuta sunansa na yanka, ya liƙa masa sunan babban gari ko na ƙabila a matsayin suna na biyu. Shi ya sa jerin sunayen mamatan ya cika da wane Kano, wane Katagum, wane Sakkwato, wane Zazzau. Saurayin da ya fito daga wani ƙauyen Gwaram zai iya zama "Kano" a takarda, ba sunan uba, ba sunan ƙauye. Ko da sunansa yana nan a rubuce, jikansa ba zai iya gane shi ba sai in yana riƙe da lambarsa ta soja.

Sunayen kuwa wasunsu suna nan, sai dai nesa da gida. A maƙabartar Taukkyan da ke kusa da birnin Yangon akwai ginshiƙai ɗauke da sunayen sojoji kusan 27,000 da suka mutu a yaƙin Boma ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da na rundunar Najeriya. A cikin gida ma akwai ginshiƙan tunawa da mamatan yaƙin farko a Lakwaja da Zariya da Ibadan da Kalaba. Waɗannan duk an kafa su ne a garuruwan da ke da bariki, domin rundunoni aka yi wa, ba garuruwan da suka haifi sojojin ba.

Ko rubutawar ma ba a yi adalci ba. A Afrilun 2021, Hukumar Kula da Kaburburan Yaƙi ta Ƙasashe Rainon Ingila, wadda aka kafa a 1917 bisa alƙawarin daidaita kowa a mutuwa, ta fitar da rahoton wani kwamiti da ta naɗa. Rahoton ya gano cewa aƙalla mutum 116,000, wataƙila ma har 350,000, yawancinsu 'yan Afirka da 'yan Masar, da suka mutu a yaƙin farko ba a rubuta sunayensu ba, ko kuma ba a tuna da su ba sam. Wasu 45,000 zuwa 54,000 kuma an tuna da su, amma ba kamar yadda aka yi wa Turawa ba. Kwamitin ya ɗora laifin a kan wariyar launin fata, kuma sakataren tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi afuwa a gaban majalisa. A Janairun 2025 hukumar ta buɗe sabon wurin tunawa a Cape Town mai ɗauke da sunayen baƙaƙen ma'aikatan yaƙi na Afirka ta Kudu sama da 1,700, bayan an yi fiye da shekara 100 ba a ambace su ba.

Mun gaji bariki, ba mu gaji sunaye ba

Bayan samun 'yanci a 1960, Najeriya ta ci gaba da tunawa da yaƙe-yaƙen ta hanyar sunayen barikoki. Barikin Dodan da na Myohaung da na Arakan a Legas, Letmauk a Ibadan, Kalapanzin da Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya, duk sunaye ne daga yaƙin Boma. Barikin Bukavu na Kano kuma ya samo sunansa ne daga Kwango, inda sojojin Najeriya suka yi aikin kiyaye zaman lafiya a farkon shekarun 1960. Sunan fagen daga ya tsira, sunan kurtun da ya faɗi a wurin ya tafi. Kaɗan ne irin Samanja Chari Maigumeri, ɗan ƙasar Barno da ya yi yaƙin duniya biyu, wanda aka sa wa barikin Lakwaja sunansa.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya ƙara faɗaɗa wannan giɓi. An ɗebi samari da gaggawa daga kowane lungu na Arewa, aka ba su horon 'yan makonni, aka tura su gaba. Da yaƙin ya ƙare ranar 15 ga Janairun 1970, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ce babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ci. Manufar ta taimaka wajen haɗa kan ƙasa, amma ta zo da shiru a kan mamata. Daga baya aka mayar da ranar tunawa daga 11 ga Nuwamba, wadda aka gada daga Turawa, zuwa 15 ga Janairu. An samu rana, ba a samu jerin sunaye na gari-gari ba.

Yaƙin da ake yi yanzu

Da a ce maganar ta tsaya a kan tarihi, da sai a bar wa malaman jami'a. Amma tun 2009 ake yaƙi da Boko Haram a arewa maso gabas, ga kuma na 'yan bindiga a arewa maso yamma. Gwaram, wadda ke iyaka da jihar Bauchi, ta ɗanɗana da kanta: a Afrilun 2014 'yan bindiga sun afka wa garin da dare, suka kai hari ofishin 'yan sanda, suka kashe 'yan sanda bakwai. Samarin yankin kuma na ci gaba da shiga soja duk lokacin da aka buɗe ɗauka, domin ana raba gurabe ne jiha-jiha, aikin yi kuma ya yi ƙaranci.

Yadda rundunar soji ke sanar da mamatanta ba shi da tsari ɗaya. Lokacin da aka kashe Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali a Malam Fatori a Nuwamban 2016, ƙasa baki ɗaya ta san sunansa da fuskarsa. Lokacin da aka kashe sojoji 17 a Okuama ta jihar Delta a Maris ɗin 2024, rundunar ta fitar da sunayensu da hotunansu, Shugaba Bola Tinubu ya halarci jana'izarsu a maƙabartar sojoji ta ƙasa da ke Abuja, ya ba su lambobin girmamawa, ya kuma yi wa iyalansu alƙawarin gidaje da karatun yara. Amma bayan harin Metele na Nuwamban 2018, an ɗauki kwanaki kafin rundunar ta ce sojoji 23 ne suka mutu, alhali kafafen labarai na ambaton adadin da ya ninka haka. A hare-hare da dama, adadi kawai ake ji, wani lokaci ma ko adadin ba a ji.

Rundunar tana da hujjojinta. Dole a sanar da magaji kafin a sanar da duniya, kuma yawan bayyana asara na iya karya gwiwar waɗanda ke bakin daga, ya ƙara wa abokan gaba ƙarfi. Hujjoji ne masu ma'ana a makon da abin ya faru. Ba su da ma'ana bayan shekara biyar ko goma.

Akwai kuma wani abin lura. Babu saurayin da ake ɗauka soja sai ya kawo takardar shaidar ƙaramar hukumarsa, da sa hannun masu tsaya masa. Ke nan rundunar ta san ƙaramar hukumar kowane soja, ƙaramar hukumar ma ta san waɗanda ta sa wa hannu. Ranar tafiya akwai takarda tsakanin gari da bariki. Ranar mutuwa kuwa saƙon kan tsaya ne a wayar magaji, a yi zaman makoki na kwana uku, a watse. Bazawara da marayu su shiga zirga-zirgar neman haƙƙin mamaci su kaɗai, daga bataliya zuwa Abuja, ba tare da wani ofishi a garinsu da ya san da zamansu ba. Gwamnatin jiha ko ƙaramar hukumar da ke son tallafa musu ma ba za ta iya ba, tunda ba a tallafa wa wanda ba a ƙirga ba.

Shin addini ya hana?

Za a ce allon bango al'adar majami'a ce, Jigawa kuwa kusan duk Musulmi ne. Wannan magana tana da tushe. Hadisin Jabir da ke cikin Sahihu Muslim ya hana shafe kabari da farar ƙasa da yin gini a kansa, ruwayar Tirmizi kuma ta ƙara da hana rubutu. Sassaƙa mutum-mutumi ma malamai ba su yarda da shi ba. Shi ya sa kabarin Bahaushe tudun ƙasa ne da itace ko fasasshen tulu, attajiri da talaka duk ɗaya. Duk wanda ya kawo shawarar manna allon tagulla a bangon masallacin Juma'a na Birnin Kudu ba zai samu goyon baya ba, kuma bai kamata ya samu ba.

Sai dai hana ƙawata kabari daban, hana adana suna daban. Littattafan Sira, kamar na Ibnu Hisham, sun jera sunayen waɗanda suka halarci Badar, da shahidai 14 na wannan rana, da na Uhudu kimanin 70, kowa da sunan mahaifinsa da danginsa. Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya kafa diwani, wato rajistar mayaƙa, domin a san haƙƙin kowa da na iyalinsa. A nan gida, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ambaci abokansa da suka faɗi a yaƙe-yaƙen jihadi, irin na Tsuntsuwa a 1804, a cikin marsiyoyin da ya tara a Tazyinul Waraƙat. Al'adar da ta san salsalar malamai da jerin sarakuna ba baƙuwar rubuta suna ba ce. Abin da ba ta saba yi ba shi ne rubuta sunan talaka.

Saboda haka tambayar ba ta allo ko rashin allo ba ce, ta rajista ce. Kiristocin yankin, da sojoji Kiristoci da suka yi zama a cikinsa, suna da damar tunawa da nasu a majami'unsu yadda suka saba. Rajistar gari kuwa ta kowa ce, kamar yadda ramin da soja ke fakewa a ciki ba ya tambayar addini.

Abin da za a iya yi

Aikin bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba, kuma ba ya buƙatar kwangila. Birnin Kudu da Gwaram na ƙarƙashin Masarautar Dutse, tsarin hakimi da dagaci da mai unguwa kuma yana nan daram. Ta wannan hanya aka ɗebi kurata a zamanin Turawa, ta ita kuma za a iya dawo da sunayensu. Kowane mai unguwa ya san gidan da aka taɓa yin soja. Abin da za a rubuta kaɗan ne: suna, sunan mahaifi, ƙauye, lambar soja, runduna, inda ya rasu da shekarar, sai magadan da ya bari.

Akwai inda za a tabbatar da bayanan. Hukumar kaburburan yaƙi ta sa sunayen mamatan yaƙin duniya biyu a intanet, kowa na iya bincikawa kyauta, kuma lambar soja da ke jikin tsohuwar takardar sallama ko lambar yabo da aka adana a adaka tana iya warware wane ne "wane Kano". Takardun gundumomin lardin Kano suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ga Gidan Arewa a Kadunar, ga Gidan Ɗan Hausa a Kano. Ƙungiyar tsofaffin sojoji ta ƙasa tana da reshe a jiha. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse da na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa na neman batun bincike duk shekara. Jigawa ma ba baƙuwa ba ce a ma'aikatar tsaro, tunda tsohon gwamnanta Muhammad Badaru Abubakar aka naɗa ministan tsaro a 2023.

Idan an kammala, a ajiye kwafi a fadar hakimi, da sakatariyar ƙaramar hukuma, da ɗakin karatu na makaranta irin Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu. Ranar 15 ga Janairu a karanta sunayen a bainar jama'a, liman ya yi addu'a, fasto ya yi tasa.

Akwai wuraren da sai an taka a hankali. Bai kamata a bayyana adireshin iyalan waɗanda suka mutu a yaƙin da ake kan yi ba, kuma kada a sa sunan kowa sai da yardar magadansa. Dole a yanke tun farko ko za a haɗa da 'yan sanda, irin waɗanda aka kashe a Gwaram, da 'yan sa-kai. Dole a nisanta aikin daga siyasar jam'iyya, don kada rajistar mamata ta koma jerin rabon tallafi. Haka kuma rubuta sunan sojan da ya mutu ba wanke rundunar ba ne daga zarge-zargen cin zarafin fararen hula da ƙungiyoyi irin su Amnesty International suka sha yi mata. Wancan bincike ne mai zaman kansa, kuma shi ma da sunaye ake yin sa.

Abin da ba ya jira shi ne lokaci. Waɗanda suka je Boma kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansu ma sun tsufa. Saurayin da ya shiga yaƙin basasa yana ɗan shekara 20 ya haura 75 a yau. Duk tsohon sojan da aka kai makwanci, ya tafi da sunayen abokan tafiyarsa da ba su dawo ba.

A duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zanen shanu da mutanen da suka shuɗe suka bari, har gwamnati ta sa wurin cikin kayan tarihi na ƙasa. Zanen ya kai ɗaruruwan shekaru, amma babu wanda ya san sunan ko mutum ɗaya daga cikin masu zanen. Na sojojin kuwa har yanzu akwai masu iya faɗa, in an je an tambaye su.